Lasifika a Bakin Tulu

Bari in fara da laifina tun kafin wani ya riga ni faɗa. Ni Rabo, mai cajin waya a bakin tashar Dutsin-Ma, ina karanta saƙon mutane. Ba kullum ba. Sai in wayar ba makulli, ko in mai ita ya buɗe a gabana na ga inda yatsansa ya bi. Matata ta ce wannan hali zai kai ni gaban alƙali, ni kuwa na ce ai neman ilimi ne. To, da wannan ilimin zan ba ku labarin Bilya da Zinariya. Duk saƙon da kuka gani a nan, yadda aka rubuta shi haka na kawo shi. Sun yafe mini, bayan an sha fama.

Bilya saurayi ne ɗan shekara ashirin da shida, yana gyaran rediyo da talabijin a shagon Oga Tomas, wanda ke manne da rumfata. Oga Tomas mutumin Filato ne, amma ya shekara ashirin a garin nan, har Hausarsa ta fi tawa gishiri.

Wata rana wani malamin jami'a ya kawo musu wani ɗan akwati gyara. Kafin a gama aka yi masa canjin wurin aiki, ya bugo waya ya ce ya bar musu. Akwatin bai fi babban burodi girma ba. Yana da sandar ƙarfe a tsaye ta dama, da wani ƙarfe lanƙwasasshe kamar hannun bokiti ta hagu. Sunansa teremin. Abin kiɗa ne, amma ba a taɓa shi. In ka kai hannun dama kusa da sandar, murya ta yi sama, in ka ja baya ta sauko. Hannun hagu shi ke ƙara ta ko rage ta. Aibinsa ɗaya, ba shi da lasifika. Sai ka saƙala iyafis a kunne kake jin sa.

Bilya ya kamu da son abin nan. Da aiki ya lafa sai ya tsaya a gabansa, ya rufe ido, ya riƙa yawo da hannuwa a iska.

A haka Zinariya ta same shi, wata Talata da hantsi, rungume da tsohuwar rediyon gwaggonta. Ta yi sallama sau uku, shiru. Sai ta leƙo rumfata.

"Kawu, wancan lafiyarsa ƙalau kuwa?"

"Da safe dai ƙalau ya zo," na ce.

Bilya ya buɗe ido, ya ga yarinya doguwa a bakin ƙofa, da gyale ruwan toka, tana danne dariya da bayan hannu. Ya manta hannuwansa a sama.

"Malam," ta ce, "ƙudan sun tafi, ko in jira?"

"Ba ƙuda ba ne. Kiɗa nake yi."

"To, madalla. Allah ya ba da lafiya."

Sai ya zare iyafis ɗaya ya miƙa mata. Ta dube shi, ta goge abin da bakin gyalenta, ta sa a kunne. Wayar gajera ce, dole ta matso har bakin tebur. Bilya ya ɗaga hannu a hankali, muryar ta taso tana rawa. Ya ga idanunta sun buɗe.

"Kamar mace tana kuka a cikin rijiya," ta ce.

"Waƙa ce fa."

"Wace waƙa?"

"Ban kai nan ba tukuna."

Dariyar da ta yi ita ce ta ƙarasa shi. Rediyon kuwa ba abin da ya same ta sai tsatsa a mazaunin batir, aikin minti biyar. Bilya ya juya ta gaba da baya, ya girgiza kai kamar likita, ya ce ta dawo ran Alhamis. Ran Alhamis ya ce Asabar. Rediyon nan ta yi sati uku a shago, har Oga Tomas ya ce, "Bilya, wannan rediyo in mutum ce da tuni dangi sun fara zuwa dubiya."

Duk zuwan da za ta yi sai ta ce a sa mata ta ji. Bilya ya tabbata a ransa cewa duk ƙasar Katsina mutum biyu ne suka gane daɗin abin nan, shi da ita.

Zinariya 'yar Wurma ce ta ƙasar Kurfi. Tana zaune a Dutsin-Ma wurin Gogo, yayar babanta, tana koyon ɗinki. Ranar da ya mayar da rediyon da ƙafarsa, Gogo ta kunna, ta ji labaran duniya tangaram, ta ce a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Daga nan ya zama ɗan gida. Wayar Bilya kuma ta fara shan caji sau biyu a rana, abin da ya yi mini daɗi ta fuska biyu.

"Zinariyata, kin tashi lafiya? Yau na kusa kama rabin waƙa. Da kina nan da na kama duka."

"Lafiya lau, Mai Korar Ƙuda. Ka riƙe rabin da kyau kada ya gudu. Ka karya kuwa?"

"Tunaninki na karya da shi."

"Tunani ba ya riƙe ciki. Je ka sayi ƙosai."

Wani lokacin kuma ita ke farawa: "Yau na ɗinka hannun riga a baibai saboda kai. Uwar ɗakina ta ce me nake tunani, na ce sauro ne ya dame ni. Ban yi ƙarya ba ai."

Amma ba Bilya kaɗai ke da ido ba. Akwai Abdullatif, mai hayar kayan sauti na biki. Lasifikokinsa in ya jera su sun kai ɗakin kwana, in ya kunna har ƙirjin mutum ke amsawa. Yana da mota, yana da turare mai riga shi isa wuri, ya kuma daɗe yana kai gaisuwa Wurma. Da ya ga tabarmar zauren Gogo ta sami mai ita, bai yi faɗa ba. Ya tsaya a tsallaken titi ya ɗauki bidiyon Bilya: ido a rufe, hannuwa suna lilo a iska, baki yana motsi, ba a jin komai sai ƙarar babura. Ya tura wa yayyen Zinariya. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, bidiyon ya yi masa aikin.

Ranar kasuwa sai ga Malam Yero, mahaifin Zinariya, a ƙofar shago. Dogon dattijo ne siriri, da sanda a kafaɗa. Kakanninsa makiyaya ne, shi kuma ya haɗa noma da kiwo, ba ya magana biyu in ɗaya ta isa. Bilya ya zube ƙasa ya gaishe shi.

"Kai ne mai magana da iska?"

"Baba, ba iska ba ce. Na'ura ce. Ga shi, ka sa a kunne ka ji da kanka."

Malam Yero ya dubi iyafis ɗin kamar an miƙa masa kunama.

"Ba ni sa abin wani a kunnena. Kuma abin da mutum guda ke ji shi kaɗai, ban yarda da shi ba. Can garinmu an ce mutanen ɓoye ke yi maka raɗa. Ni ban ce ba, ban kuma ƙaryata ba." Ya gyara sandarsa. "Juma'a uku daga yau ka kawo muryar nan Wurma, da rana tsaka, a ƙofar gidana, kowa ya ji abin da kake ji. In mun ji, ka turo manyanka. In ba mu ji ba, kada in ƙara jin an ga takalminka a zauren 'yar'uwata."

Har ya juya, sai ya waiwayo. "Babu wutar lantarki wurinmu. Ka san da wannan."

Oga Tomas ya zaunar da Bilya ya yi masa bayani. Muryar da ke fita daga akwatin ƙarama ce, ta kunne ɗaya. Ana bukatar amfilifaya da za ta ƙara mata ƙarfi, da lasifika da za ta fitar da ita, da batir da zai riƙe su duka. Bilya ya hau mota har Katsina ya tambayi kuɗin amfilifaya ta masu kiɗa. Mai shagon ya faɗi kuɗin. Bilya ya ce Allah ya ba da kasuwa, ya hau motar da ta kawo shi. Ɗan abin da yake tarawa na kayan aure ne, in ya taɓa shi ya sami amfilifaya ya rasa abin kai amarya.

Abin haushin, duk amfilifayar kirki da ke garin nan tana ɗakin ajiyar Abdullatif. Ya ma tsaya da motarsa ya sauke gilashi. "Angon iska, in kana son aro ka yi magana. Sai dai duk Juma'a ina da biki."

Gwajin farko da 'yar lasifikata ta bulutut aka yi, wadda nake jin wa'azi da ita. Ta yi magana, amma a makare. Bilya zai ɗaga hannu, sai ya sauke sannan muryar ta biyo baya. Oga Tomas ya kalla ya ce, "Wannan in surukinka ya gani, cewa zai yi aljanin ma malalaci ka samu."

Gwaji na biyu, na aro masa lasifikar hannu wurin wani abokina mai tallar maganin gargajiya. Ba mu san akwai tallar da ya naɗa a ciki ba. Bilya na kai hannu, abin ya kurma ihu kamar an taka wutsiyar kyanwa, a ƙarƙashin ihun kuma murya na cewa, "Maganin basir, maganin sanyin ƙashi, a gwada a gani!" Awakin bakin tasha suka watse. Wata mata ta zo har shago tana tambayar na sanyin ƙashin.

Da yamma ya rubuta mata: "Zinariyata, yau na kori awaki bakwai na kuma sami mai sayen magani ɗaya. Saura kwana goma sha biyu."

"Ka ci gaba da ƙoƙari, abin ƙaunata. Daga ƙuda ka kai awaki, ai ci gaba ne."

A wurin 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, ya dace. Ya tsinci tsohuwar rediyon mota, fuskarta a fashe, amma tana da ramin da ake haɗa waya, kuma cikinta lafiya lau. Rediyon mota dama da batir take aiki. Oga Tomas ya ba shi tsohon batirin babur ɗinsa. Saura lasifika.

A nan ne shaiɗan ya sa ƙafa. Bilya na dawowa daga sayen dalma sai ya hango Zinariya tana fitowa daga shagon Abdullatif. Tana dariya. Abdullatif na biye da ita da kwali a hannu, har ya tsayar mata da mai adaidaita. Bilya ya tsaya a bakin kwata kamar an dasa shi. Ya dawo shago ya rufe teremin da buhu.

Kwana uku bai je zaure ba, bai amsa saƙo ba. Wayarsa tana wurina caji, tana ta haske.

"Mai Korar Ƙuda, lafiya?"

"Gogo ta dama fura ta ajiye maka har ta yi tsami."

"Bilya. In na yi maka laifi ka faɗa mini. Shirun nan ya fi zagi ciwo."

Na ƙarshen nan ya sa na kasa cin tuwo. Na so in yi masa magana, amma in na yi, ya gane ina karantawa. Kun ga inda ilimi ke zama wahala.

Rana ta huɗu sai ga ta da kanta, da kwalin a ka. Ta dire shi a kan tebur.

"Buɗe."

"Kayan Abdullatif ne. Na gan ku."

"Na ce ka buɗe."

Ya buɗe. Wata 'yar lasifika ce, takardarta a yage ta gefe guda, ƙura ta rufe ta.

"Zubarwa zai yi," ta ce. "Awa guda na zauna ina jin labarin bukukuwan da ya yi wa manyan mutane, da kuɗin tayar motarsa. Na yi dariya inda babu abin dariya har muƙamuƙina ya yi ciwo. Na ce masa maganaɗisun ciki nake so in riƙa tsintar allura. Na jira ka zo zaure in ba ka, ka ɓace. Ashe kai kana nan kana zargina."

Bilya ya sunkuyar da kai. "Zinariya, na yi wauta."

"Ka yi."

"Ki yafe mini, hasken idona."

"Hasken idonka da ka kashe kwana uku?" Ta juya ta dubi titi. Can ta ce, "Gyara abin nan tukuna. Yafiya sai na ga aikinka."

Ta yanko masa ƙyalle daga ragowar ɗinki, ya liƙe yagewar da gam. Aka haɗa. Murya ta fito, amma siririya, kamar sauro a gwangwani. Oga Tomas ya ce lasifika tsirara ba ta da ƙirji, sai an yi mata akwati, katako kuwa ya yi tsada. Da labari ya kai wa Gogo, ta ce, "Akwati kuma? Ga tuluna can da ya huje a gindi, shekara biyu ina jin tausayin yar da shi."

Bakin tulun ya yi daidai da lasifikar kamar don ita aka gina shi. Bilya ya ɗaure ta da robar tayar keke, ya zaro waya ta hujin gindin. Ya jera komai a kan teburin ƙarfe na shagon, ya ɗaga hannu. Jama'a, tulun nan ya yi waƙa. Murya mai kauri, mai sanyi, ta cika shago ta fito titi. Mai shayi ya bar shayinsa ya zo. Zinariya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "To, na yafe."

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka kama hanya ta Kurfi a kan babur, shi yana tuƙi, ni a baya rungume da tulu kamar mai jego. Gogo da Zinariya sun riga mu tun jiya. Bazara ce, ƙasa ta bushe ƙamas. A ƙofar gidan Malam Yero, ƙarƙashin wata darbejiya, mun tarar da mutane sun fi hamsin. Mata suna leƙe ta bayan danga. Har Abdullatif yana nan, jingine da motarsa. Ashe bikin nasa na wannan Juma'ar an ɗaga.

Aka kawo bencin katako. Bilya ya jera kayansa, ya ba ni wayarsa in riƙe, ya yi bisimilla, ya ɗaga hannu.

Tulu ya yi gurnani. Ya kai hannu kusa da sanda, muryar ta ƙi hawa. Ya ja baya, ta yi tsalle ta yi wani ƙugi kamar cikin mai yunwa. Ya murɗa nan, ya murɗa can, gumi na zuba. Abin ya ƙi bin hannunsa sam, sai abin da ya ga dama yake yi.

"Kun gani ko?" wani ya ce daga baya. "Ba shi ke juya su ba, su ke juya shi."

Wata tsohuwa ta ja jikanta ta shige gida. Malam Yero na zaune a kan buzu yana kallo. Ana cikin haka aka kira la'asar, ya miƙe, kowa ya miƙe.

Wayar Bilya ta yi motsi a aljihuna. Na duba, don kada ya zama na gaggawa ne.

"Ka yi sallah tukuna, Mai Korar Ƙuda. Ko tulun bai yi magana ba, ni na ji ka tun ranar farko."

Na miƙa masa. Ya karanta, ya share fuska. Kunya ta hana shi shiga cikin dattawa wurin alwala, sai ya ɗauki buta ya tsuguna nan gefen bencin ya yi tasa, ruwan ya kwanta a gindin kayan. Muka yi sallah a ɗan masallacin da ke gefen bishiyar.

Da aka sallame, mutane suka fara neman takalmansu don tafiya gida. Bilya ko nasa bai tsaya nema ba. Ya dawo ƙafa ba takalmi, ya tsaya a inda ya yi alwala, ya ce, "Baba, a ba ni dama ɗaya."

Malam Yero ya ɗaga masa kai.

Ya ɗaga hannu. Murya ta taso daga tulun, tsaf, ba gargada. Ya matsa kusa da sanda, ta hau. Ya ja baya, ta sauko a hankali kamar mai saukowa daga bishiya. Ya kaɗa yatsu, ta yi rawa. Wuri ya yi tsit. Rabin waƙar nan tasa da ya daɗe yana kora, ran nan ya kama ta, har da ɗan ƙari. Daga bayan danga aka rangaɗa guɗa, kuma na san muryar Gogo.

"Allahu Akbar!" in ji wani dattijo. "Kun ga ikon Allah? Abin bai yi magana ba sai da yaron ya yi alwala! Wane aljani ne ke jiran alwala?"

Nan fa wuri ya kaure. Masu cewa mutanen ɓoye ɗazu su ne suka fi kowa kabbara. Wani ya ce dama shi tun farko ya ga hasken yaron. Bilya kuwa idonsa na ƙasa. Wata waya tsirara da ke ɗaure a jikin rediyon motar ta zubo daga benci, bakinta na kwance cikin laimar alwalarsa, ƙafafunsa ma suna cikin laimar. Sai a lokacin ya tuna. Teburin ƙarfe na shago, Oga Tomas ya daɗe da ɗaure shi da waya zuwa wani rodi da ya kafa a ƙasa, don kada wuta ta ja mutum. Na'urar tana son a haɗa ta da ƙasa mai danshi. A shago tebur ke yi mata wannan aikin ba tare da ya lura ba. A nan kuwa, bencin katako ne a kan busasshiyar ƙasa.

Malam Yero ya ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Yaro, ka ji abin da suka ce. Alwalar ce?"

Ni ina bayan dattijon, ina ta gyaɗa wa Bilya kai har hulata ta kusa faɗuwa. Ka ce e, ɗan nan. Kalma ɗaya ce, ka tafi da mata.

Bilya ya dubi danga. Ya durƙusa.

"Baba, ba alwalar ba ce. Ruwan ne. Na'urar tana bukatar danshin ƙasa, ni ne na manta. Ko ruwan wanke-wanke aka zuba a nan, haka za ta yi."

Kabbara ta tsaya cak. Dattijon da ya fara maganar ya ɓata rai, an ƙwace masa abin ba da labari. Abdullatif ya yi murmushi. Ni kuwa na fara tunanin yadda zan koma da tulu a wannan hanya.

Malam Yero ya tashi, ya tuɓe takalmansa, ya tako cikin laimar. Ya miƙa dogon hannunsa wajen sandar. Tulu ya yi wani kuka mai ban tausayi. Ya janye, ya sake miƙawa. Ya sake. Sai muka ga kafaɗunsa suna rawa, ashe dariya yake yi.

"Maraƙi ne," ya ce. "Maraƙin da aka hana nono. Wannan ne kuka ce aljani?" Ya juyo wurin Bilya. "Tashi. An miƙo maka ƙarya a faranti, da jama'a da kabbara, ga ɗiyata a bayan danga, ka ce ba ka ci. Kiɗanka dai ba daɗi, kada wani ya ruɗe ka. Amma ka turo manyanka."

Guɗar da ta biyo baya ta fi tulun ƙara. Waya ta sake motsi, wannan karon a hannun mai ita, sai da na yi miƙa kafin na gani.

"Angona."

Shi ke nan abin da ta rubuta.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a Wurma. Oga Tomas ya zo da matarsa Roda, ya sha babbar riga har ana tambayar ko shi ne waliyyin ango. Abdullatif ne ya kawo kayan sauti, ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba ya fushi da biki. Gogo ta yi rawa har sai da aka riƙe ta. Da za a tafi da amarya, Malam Yero ya kama hannun 'yarsa ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya sa abin da ɗayanku ya ji, ɗayan ma ya ji." Muka ce amin. Ni ma na ƙara da tawa: Allah ya ba su zuriya ɗayyiba, ya rufa musu asiri, ya kuma kare wayoyinsu daga irina.

Yanzu shekara biyu ke nan, suna zaune lafiya a bayan tasha, da 'yarsu Mubina. Teremin yana saman kabad, an lulluɓe shi da ɗankwali mai kyau. Ranar da Zinariya ta tare ta cire batirin ta haɗa da fankar ɗakinta, kuma har yau ba ta mayar ba.